Tunkiyar Japan da Turmin Danya: littattafai biyu na shekara ɗaya

A shekarar 1982 marubucin ƙasar Japan Haruki Murakami ya fitar da wani ƙagaggen labari na bin sawu, wanda Alfred Birnbaum ya fassara zuwa Ingilishi a 1989 da sunan A Wild Sheep Chase. Labarin wani ma'aikacin kamfanin talla ne da aka tilasta wa neman wata tunkiya mai alamar tauraro a bayanta, har bincike ya kai shi tsaunukan Hokkaido. Tunkiyar tana shiga jikin mutum ta mallake shi, ta ba shi iko, sannan ta bar shi fanko. Wanda ya san yadda ake cewa iska ta hau mutum ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Da wannan almara marubucin ya tono yadda kuɗi da siyasa suka haɗa kai a ɓoye a ƙasarsa bayan yaƙin duniya na biyu.

A wannan shekarar dai aka buga littattafan da suka yi fice a gasar da Hukumar Al'adu ta Tarayyar Nijeriya ta shirya, daga cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya bi diddigin fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin miyagu da makamai. Mutumin Difa ko Boso, wanda kogin Komadugu ne kawai tsakaninsa da Nijeriya, zai gane duniyar waɗannan labarai tun daga shafin farko.

Sai dai rabon littattafan ya bambanta. An fassara Murakami cikin harsuna masu yawa, kuma kamfanin Folio Society na Landan, wanda aka kafa a 1947, yana fitar da ayyukansa da bango mai kauri da zane-zane, domin masu tara littattafai. Namu kuwa sun fito da bango mai laushi, haka ma littattafan kasuwar Kano da suka biyo baya. Gara da danshi da aro ba mayarwa sun ci da yawa daga cikinsu.

A kwarin Komadugu hasarar ta fi tsanani. Hare-haren da suka faɗa wa Boso da Difa a watan Fabrairun 2015 sun raba dubban iyalai da gidajensu, ambaliyar 2019 da ta 2022 kuma ta shiga unguwanni. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar littafi.

Saboda haka ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su nemo kofen da suka rage a hannun jama'a, a ɗinke su, a yi musu bango mai ƙwari, a ɗauki hotunan shafukansu, a ajiye a makarantu da Jami'ar Difa. Ɗalibin da zai nazarci tarihin kan iyaka nan gaba zai buƙace su.