Seydou Keïta da zanen gadonsa

A 1991 an baje wasu tsofaffin hotuna daga Mali a birnin New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Alhali mutumin yana raye a Bamako, sunansa Seydou Keïta.

Ɗan kafinta ne, kawunsa ya ba shi kyamara yana yaro. A 1948 ya buɗe shagon hoto. Zanen gadonsa ya fara ratayawa a bango, a zauna gabansa. Ya tanadi agogo, tabarau, rediyo, har da moto, wanda ba shi da su ya ara na ɗan lokaci. Mata kuwa da nasu suke zuwa: atamfa, ƴan kunne, ɗaurin kallabi, shi ya gyara musu zama yadda zanen zai fito. Yau mai son sanin adon Bamako kafin ƴancin 1960, wurinsa zai je.

Irin waɗannan hotuna na nan cikin akwatunan iyayenmu a Maradi da Damagaram, sanyi da gara na cin su. Da yawa ko sunan mai hoton babu a bayansu.