Digiri na Biyu a Damagaram: Sharuɗɗa, Kuɗin Karatu da Tallafi ga Ɗalibin Karkara

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙa'idojin digiri na biyu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, da yadda suke shafar ɗalibin da ya fito daga karkara irin Zermu. Ta nuna cewa kuɗin rajista ba shi ne babban shinge ba. Abin da ke kayar da ɗan talaka shi ne tsadar binciken shekarar ƙarshe da jinkirin biyan tallafi.

Muhimman kalmomi: digiri na biyu, tsarin LMD, tallafin karatu, Damagaram, Zermu.

1. Gabatarwa

Shekara da shekaru, ɗan Damagaram mai son karatun jami'a a cikin ƙasarsa sai ya nufi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Lamarin ya sauya a 2010 da aka kafa jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ta Damagaram yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin da ya wallafa littafi kan masarautar Damagaram a 1971, ya kuma shugabanci babban taron ƙasa na 1991. Jami'a dai ta matso kusa. Tambayar ita ce ko matsowar ta isa ɗan manomin Zermu, a gundumar Mirya, ya kammala digiri na biyu.

2. Hanyar Bincike

An bi ƙa'idojin tsarin LMD (digiri na farko, na biyu da na uku) daki-daki, aka auna kowace da halin gidan da ke rayuwa kan noman gero na damina ɗaya.

3. Sharuɗɗan Karatu

A 2007 ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su bi tsarin LMD. Digiri na farko shekara 3 ne da kiredi 180; na biyu shekara 2 ne, zango 4, kiredi 120, wato 30 kowane zango. Ana cin darasi da maki 10 cikin 20. Shiga digiri na biyu kuwa sai an tace, kwamiti ya duba takardun ɗalibi ya zaɓa gwargwadon gurabe. Zango na ƙarshe na kundin bincike ne, wanda ɗalibi zai kare gaban alƙalai.

A nan malamai ke zama ma'auni. Duba kundi aikin manyan malamai ne, waɗanda hukumar CAMES, da aka kafa a Yamai a 1968, ke tantance muƙamansu. Sabuwar jami'a ba ta tara irinsu dare ɗaya. Idan ɗalibai suka yi wa malami ɗaya yawa, babi sai ya daɗe kan tebur, shekara biyu ta zarce ba da laifin ɗalibi ba.

4. Kuɗin Karatu

Digiri na biyu iri biyu ne: na bincike, mai kaiwa ga digiri na uku, da na sana'a, wanda yawanci ya fi tsada domin ma'aikata ke nemansa. Sai dai abin da aka rubuta a rasit kaɗan ne daga abin da ɗalibi ke kashewa. Akwai hayar ɗaki ga wanda bai samu gado a ɗakunan kwanan jami'a ba. Akwai sayen ruwa wajen 'yan garuwa, a garin da kowa ya san ƙishirwarsa. Akwai kwamfuta, kuɗin intanet, kabu-kabu zuwa wurin bincike, da buga kwafin kundi ga kowane alƙali, a gyara a sake bugawa.

Ɗan birni yana kwana gidansu, yana cin tuwon gida. Ɗan Zermu yana jiran buhun gero daga ƙauye, kuma kuɗi ba sa shiga hannun mahaifinsa sai da kaka. Idan karatu ya ratsa damina, gida ya rasa mai riƙe hauya, ga shi rumbu ya yi ƙasa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 na sefa tun 2024, ƙarin zango ɗaya ba ƙaramin nauyi ba ne.

5. Tallafi

Hukumar ANAB ce ke biyan kuɗin tallafin karatu, duk wata uku, tare da taimakon jin ƙai ga wasu da ba su samu tallafin ba. Cibiyar CROU kuma na kula da abinci, masauki da lafiya. Tsarin yana da rauni biyu. Na farko jinkirin biya, wanda ya daɗe yana haɗa ƙungiyar ɗalibai ta USN da gwamnati. Yana cikin koke-koken zanga-zangar 10 ga Afrilu 2017, ranar da ɗalibi ya rasa ransa a jami'ar Yamai. Na biyu, tallafi yana bin lissafin shekara, alhali yajin aiki kan sa shekarun karatu su hau kan juna. Mai gidan haya kuwa ba ya jiran baitulmali. Ɗalibin da ya ci duk darussansa kan koma koyarwa a makarantar kuɗi ko ya kama kasuwanci, kundin ya tsaya a babi na biyu. Ƙasa ta yi ɗawainiyarsa shekara huɗu, ta bar shi a zangon da ya fi buƙatarta.

6. Kammalawa da Shawarwari

Tacewa bisa ƙwazo daidai ne, amma wanda aka zaɓa ya cancanci a riƙe shi har ya kare kundinsa. Don haka maƙalar na ba da shawara huɗu. A ware kuɗin bincike na musamman ga zango na huɗu, a biya da zarar an amince da batun kundi. A daidaita wa'adin tallafi da ainihin kalandar jami'a. A fifita 'yan karkara wajen rabon ɗakunan kwana. A kuma nemi matatar man SORAZ, da ke aiki a jihar Damagaram tun 2011, da ƙananan hukumomi irin Zermu su ɗauki nauyin kundayen da suka shafi ruwa, noma da kiwon yankinsu. Ta haka jihar za ta samu masu bincike daga ƙauyukan da matsalolin suke.