Tarihin Alamar PG-13 da Fina-finan Tsoro na Matasa a Amurka

Alamar PG-13, wadda ake liƙa wa yawancin fina-finan da suka haɗa tsoro da soyayya da barkwanci domin matasa, ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Yulin 1984. Kafin zuwanta, masu shirya fim a Hollywood sun kwashe sama da shekara hamsin suna laluben yadda za su yi da yaran da ke shiga silima.

Dabarar farko ita ce a tace fim tun yana rubuce, ya fito yadda kaka da jika za su zauna su kalla tare. A 1930 manyan kamfanoni suka amince da wani kundin ƙa'idoji da aka fi sani da sunan Will Hays, shugaban ƙungiyarsu, kuma daga 1934 ofishin Joseph Breen ya riƙa aiwatar da shi ba sani ba sabo. A wannan tsari ba a tambayar shekarun mai kallo. Kundin ya fara rauni bayan 1952, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke cewa fim ma yana cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. A daidai wannan zamani talabijin ta zaunar da manya a gida, samari da 'yan mata suka zama manyan masu sayen tikiti. Ƙananan kamfanoni suka gane inda kasuwa ta koma. A 1957 American International Pictures ya fitar da I Was a Teenage Werewolf, labarin ɗan sakandare mai rikiɗa ya koma kyarkeci, aka samu riba mai yawa da jari kaɗan.

Jack Valenti, wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar kamfanonin, MPAA, a 1966, shi ya jingine tsohon kundin. A Nuwamban 1968 ya kawo alamomi huɗu: G domin kowa, M domin masu hankali, R wadda yaro ba ya shiga sai da babba, da X ta manya zalla. M ta rikita iyaye, aka mayar da ita GP a 1970, sannan PG a 1972, ma'ana a nemi shawarar iyaye. Wannan tsari ba dokar gwamnati ba ne; kamfanoni da masu gidajen silima ne suka ɗora wa kansu, kuma kwamitin da ke yanke hukunci na iyaye ne da ke zaune a Los Angeles.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin PG da R ta yi yawa. Jaws na 1975, da kifinsa mai cin mutane, PG aka ba shi. Poltergeist na 1982 an fara ba shi R, masu shi suka ɗaukaka ƙara, ya dawo PG. Tura ta kai bango a 1984 da fina-finai biyu da Steven Spielberg ke da hannu a cikinsu. A Indiana Jones and the Temple of Doom, wani matsafi ya zura hannu ya zaro zuciyar mutum da ransa. A Gremlins, wanda tallarsa ta nuna wata 'yar halitta mai manyan kunnuwa da ban sha'awa, uwa ta shiga kicin ta markaɗe dodo ɗaya a injin markaɗe, ta tura wani cikin na'urar ɗumama abinci har ya fashe. An shirya wurin ne domin a yi dariya, kuma matasa sun yi. Iyayen da suka zo da ƙananan yara bisa amincewa da PG kuwa ransu ya ɓaci. Spielberg da kansa ya ba Valenti shawarar a samo alama ta tsakiya. Red Dawn, da ya fito a Agustan shekarar, shi ne fim na farko da ya shiga silima da ita.

PG-13 gargaɗi ce kawai cewa wasu wuraren ba lallai su dace da wanda bai kai 13 ba. Ba ta hana kowa shiga. Wannan ne ya sa ba a jima ba ta tashi daga gargaɗi ta zama abin nema, domin matashi yana raina PG a matsayin kayan yara, R kuma tana tsayar da wanda bai kai 17 ba a bakin ƙofa in ba ya tare da babba. Kamfanoni suka koyi auna fim daidai ma'auninta: a rage jini, a kawar da kyamara kafin sara ya sauka, a tsaya a kan babbar ashar guda ɗaya, tunda maimaita ta kan jawo R. Daga shekarun 1990 aka fara ƙara gajeren bayani a ƙarƙashin alamar, mai faɗin dalilin ba da ita.

A wannan ma'auni Twilight na 2008 ya fito, da soyayyar 'yar makaranta da mai shan jini. Warm Bodies na 2013 ya fi nuna iyakar tsarin. Jaruminsa gawa ce mai tafiya, ya kashe saurayin wata yarinya, ya ci ƙwaƙwalwarsa, ya gaji abubuwan da mamacin ke tunawa, daga nan ya kamu da sonta. An lulluɓe wannan duka da raha, kuma da yake an taƙaita abin da ido ke gani, ya samu PG-13. Kwamitin ya fi ƙarfi a kan abin da ake iya ƙirgawa, wato jini da tsiraici da zagi da ƙwaya. Nauyin labari a zuciyar ɗan shekara tara, wanda bai iya raba wasa da gaske ba, ya fi wuyar aunawa, shi ya sa fina-finai biyu masu alama ɗaya kan sha bamban ƙwarai.

Birtaniya ta bi da lamarin ta wata hanya. Hukumarta ta tace fina-finai, wadda aka kafa a 1912, ta kawo alamar 12 a 1989, mai hana ƙananan yara shiga ɗungurungum. A 2002 aka sassauta ta a silima zuwa 12A, inda wanda bai kai 12 ba zai shiga, amma sai da babba a tare da shi.