Mazubin Magani na Ƙarƙashin Fata

Mazubin magani na ƙarƙashin fata, wanda ma'aikatan asibiti ke kira fot, ɗan ƙaramin akwati ne na titaniyom ko roba da likita ke binnewa a saman ƙirji. Siririn bututu ne ke tashi daga cikinsa ya shiga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Masu ciwon daji ne suka fi amfana da shi, domin magungunansu kan cinye jijiyoyin hannu har a rasa inda za a soka allura.

Kafin zuwansa akwai bututun Broviac na 1973 da na Hickman na 1979. Dukansu kansu na leƙowa waje, ga wahalar wanka, ga ƙofa a buɗe ga ƙwayoyin cuta. A 1982 ne John Niederhuber da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka ba da rahoton wanda fata ke rufe shi ruf. Allurar da ake shigarsa da ita kuwa ta girme shi: Ralph Huber, wani likitan haƙori a Seattle, ya ƙera ta tun shekarun 1940, da baki a karkace, wanda ya sa ba ta gutsurar murfin silikon da ke saman fot ɗin.

Dasa shi aikin rana ɗaya ne, amma daɗewarsa a jiki tana hannun ma'aikatan jinya. Nas za ta wanke hannu, ta goge fatar da chlorhexidine, ta jira ta bushe. Sai ta soka allurar, ta zuƙo jini kaɗan don tabbatar hanya a buɗe take, sannan ta tura ruwan gishiri da sirinjin da bai gaza mililita 10 ba, saboda ƙaramin sirinji na iya fasa bututun. Allura ba ta wuce kwana 7 a jiki. A da, duk mako 4 ake wanke fot ɗin da heparin, maganin hana jini daskarewa. Yanzu asibitoci da dama sun koma ruwan gishiri zalla, wasu ma sun tsawaita tazarar.

Tazarar nan ba ƙaramin abu ba ce ga mutumin Taraba. Masu ciwon daji a nan sukan niƙi gari zuwa Gombe, Zariya ko Abuja, kuma 'yar kasuwar da ta dawo rumfarta a Kasuwar Jalingo da fot a ƙirji bai kamata ta sake biyan kuɗin mota don wankin 'yan mintuna ba. Abin da take bukata a gida shi ne nas da ta ƙware, da allurar Huber, wadda ba kowane kemis ke ajiye ta ba. In kuwa zazzaɓi da rawar jiki suka biyo bayan wankin, kada ta ɗauka na cizon sauro ne, ta tafi asibiti a ranar.