Desmond Elliot: Daga Fagen Fim Zuwa Zauren Majalisa

Desmond Oluwashola Elliot ɗan wasan fim ne, darakta, kuma ɗan siyasa a Najeriya. Tauraruwarsa ta haska a masana'antar Nollywood a shekarun 2000, sannan a 2015 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Jihar Legas mai wakiltar mazaɓar Surulere ta Ɗaya a inuwar jam'iyyar APC. Ya sake lashe kujerar a 2019 da 2023. Taurarin fim da yawa sun jarraba sa'arsu a akwatin zaɓe, amma ƙalilan ne suka ci, kuma suka daɗe a kan kujera kamar yadda ya daɗe.

Asali da karatu

An haife shi a Legas ranar 4 ga Fabrairu, 1974. Mahaifinsa Bayarabe ne ɗan unguwar Olowogbowo da ke tsibirin Legas, mahaifiyarsa kuwa 'yar garin Illah ce a Jihar Delta. A Jos ya yi ƙuruciyarsa. Can ya yi firamare a makarantar sojojin sama, ya kuma yi sakandare a kwalejin St. John's. Jos ta wancan lokaci cibiya ce ta wasan kwaikwayon talabijin, domin tashar NTA ta garin ce ta fito da shahararrun wasanni irin su Cock Crow at Dawn da Behind the Clouds. Daga baya ya koma Legas, ya karanci ilimin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Legas, ya kammala a 2003. A shekarar ne kuma ya yi aure, Allah ya ba shi tagwaye har sau biyu.

Harkar fim

Wani abokinsa ne ya ja ra'ayinsa zuwa wasa. Ya fara da wasannin talabijin masu dogon zango, irin su Everyday People da One Too Much da Saints and Sinners, kafin ya tsunduma cikin finafinan bidiyo. Ya shigo ne a lokacin da kasuwar take kan ganiyarta. Tun bayan nasarar Living in Bondage a 1992, 'yan kasuwar Idumota da Alaba a Legas, da na titin Upper Iweka a Onitsha, su ne ke zuba jari. Sai a ɗauki fim cikin mako ɗaya ko biyu, a raba shi kashi biyu, a buga a kaset ko faifai, a watsa shagunan haya. Ɗan kasuwa ba ya tambayar zurfin labari kafin ya tambayi fuskar wa za a manna a fasta. Fuskar Elliot na cikin masu sayar da kaya, musamman a finafinan soyayya da rikicin ma'aurata, inda yakan fito a matsayin saurayi mai lafazi ko mijin da ke ha'intar matarsa. Ya fito a finafinai sama da 200.

Abin da ya bambanta shi da yawancin sa'o'insa shi ne komawarsa bayan kyamara. Ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da furodusa Emem Isong, wadda suka shirya Reloaded tare, fim ɗin da ya tara Ramsey Nouah da Rita Dominic da Ini Edo da Uche Jombo. Ya ba da umarni a Holding Hope (2010), labarin da ya taɓo cutar daji, da In the Cupboard (2012), da Finding Mercy (2013), da Apaye (2014). Rawar da ya taka a Finding Mercy ce ta sa ya ci kyautar gwarzon mataimakin jarumi a bikin karrama 'yan fim na tashar Africa Magic a 2014.

Shiga siyasa

A watan Satumba na 2014 ya bayyana aniyarsa ta tsayawa takara, ya samu tikitin APC, ya kuma yi nasara a zaɓen 11 ga Afrilu, 2015. Mazaɓar ta dace da shi, domin Surulere ita ce matattarar 'yan fim a Legas, inda ofisoshin furodusoshi da ɗakunan tace fim suka yi yawa. Sai dai farin jini kaɗai ba ya cin zaɓe. Legas tana hannun ɓangaren siyasar Bola Tinubu tun 1999, kuma Surulere yanki ne na Femi Gbajabiamila, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2019. Elliot ya shiga jam'iyya mai tsari tun daga matakin gunduma, ya samu goyon bayan manyanta.

Tarihin abokan sana'arsa ya tabbatar da cewa farin jini kaɗai ba ya cin zaɓe. Kate Henshaw ta sha kaye tun a zaɓen fid da gwani na PDP a Jihar Kuros Riba a 2014. Yul Edochie ya nemi gwamnan Anambra a 2017 bai kai labari ba. Funke Akindele, duk da tarin masoyanta, ta faɗi a takarar mataimakiyar gwamnan Legas a 2023. A Kano ma Hamisu Lamido Iyantama ya nemi kujerar gwamna a 2007 bai samu ba. Galibin 'yan fim ta hanyar naɗi suka shiga gwamnati, kamar Richard Mofe-Damijo da ya zama kwamishinan al'adu a Delta, da Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024.

Dambarwar EndSARS

Babbar jarrabawar Elliot ta zo ne a Oktoban 2020. Matasa sun cika tituna a zanga-zangar EndSARS suna neman a rushe rundunar 'yan sandan SARS, ranar 20 ga watan kuma sojoji suka buɗe wuta a mashigar Lekki, aka shiga kwanakin ƙone-ƙone da wawaso. Da majalisar dokokin Legas mai mambobi 40 ta zauna a zaurenta da ke Alausa, Elliot ya miƙe cikin ɓacin rai ya koka kan zage-zagen da ake yi wa shugabanni a kafafen sada zumunta, ya kira matasan da yara. Bidiyon ya bazu nan da nan. Waɗanda suka girma suna kallon finafinansa suka yi masa caa, har da mawaƙi Davido. Sun ɗauka nasu ne a cikin gwamnati, sai ga shi yana yi musu faɗa alhali ba su gama juyayin matattunsu ba. Ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma musanta cewa yana goyon bayan kafa dokar taƙaita kafafen, amma sunansa ya daɗe yana shan ba'a a intanet.

Matsayinsa

Duk da wannan guguwa, mutanen Surulere sun mayar da shi majalisa a 2023, a shekarar da APC ta rasa Legas a zaɓen shugaban ƙasa ga Peter Obi. Wannan ya nuna cewa masu kallo a faɗin ƙasa daban, masu jefa ƙuri'a a rumfunan unguwa daban. A fim Elliot ya bar gado biyu, na jarumin zamanin faifai da na daraktan da ya taimaka wajen ɗaga ingancin aiki. A siyasa kuwa ya nuna cewa ɗan wasa zai iya riƙe kujerar zaɓe wa'adi bayan wa'adi, muddin yana da jam'iyya mai ƙarfi a bayansa, kuma ya yarda a riƙa auna shi da kalamansa da ayyukan mazaɓarsa.