Zango da Ƙuri'a: Abin da Ya Sami Iyayenmu a Ghana

  

Duk lokacin da zaɓe ya gabato, magana iri biyu muke ji a ƙofar masallaci bayan la'asar. Dattijo zai ce, ku bar musu abinsu, siyasa ba ta ɗan zango ba ce. Saurayi kuwa ya riga ya karɓi riga mai hoton ɗan takara da kuɗin man babur. Mukan yi wa dattijon dariya, mu yi wa saurayin faɗa. To amma dattijon nan yana da dalilinsa, kuma yawancin ɗalibanmu na makaranta ba su taɓa jin dalilin ba.

Zango asalinsa masaukin ayari ne. Fatake daga Kano da Katsina da Barno sun daɗe suna zuwa Salaga sayen goro, abin da Hausawa ke kira fataucin Gwanja. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892 sai jama'a suka watse, wasu Kete Karachi, inda Alhaji Umaru ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934, wasu Yeji da Kintampo, wasu suka gangara Kumasi da Ankara. A Ankara aka kafa Sabon Zango a hannun Malam Baƙo, daga baya Nima ta taso. Turawa suka bar kowace ƙabila da sarkinta, na Mosi da na Yarbawa da na Wangara da na Zabarmawa da sauransu, Sarkin Zango yana sama.

Tsaron unguwa a wancan zamani a hannun masu masauki yake. Baƙo ba ya kwana a zango sai da mai gidan da ya san daga ina ya fito, ya ajiye masa kayansa, ya tsaya masa idan magana ta taso. In baƙon ya yi ɓarna, mai masaukinsa ake nema. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shigar Musulmi harkar zaɓe ba da neman mulki ta fara ba. A shekarun 1930 akwai wata ƙungiyar taimakon juna ta Musulmi a Ankara, mai suna Gold Coast Muslim Association. Da girgizar ƙasa ta rusa gidaje a watan Yunin 1939, mutanenmu suka ga ba a yi musu adalci ba wajen rabon kayan gini, kuma ba su da kowa a majalisar gari da zai ɗaga murya. Sai ƙungiyar ta fara tsayar da ɗan takara a zaɓen majalisar gari. Wato siminti da kwanon rufi ne suka fara kai mu akwatin zaɓe.

A 1954 ƙungiyar ta rikiɗa ta zama jam'iyya, Muslim Association Party. Kujera ɗaya ta samu cikin 104 a zaɓen 1954, ta sake samun ɗaya a 1956. A Kumasi ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta mutanen Asante don yaƙar CPP ta Kwame Nkrumah. Zango ya rabu biyu. Wasu na bayan Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba da 'yan adawa, wasu na bayan CPP, har rikicin ya shiga maganar limanci da ginin babban masallacin Kumasi. Mutanen da suke sahu ɗaya suka daina gaisawa.

An sami 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta yi dokar korar baƙi, ta ba da umarnin fitar da Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jigo a jam'iyyar Musulmi. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, a nan aka haife su. Tun kotu ba ta yanke hukunci ba majalisa ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayen mutum biyun nan, ta kashe shari'ar, aka kai su Najeriya. Aka naɗa Malam Mutawakilu, mutumin CPP, a sarautar zango. A watan Disamba kuma aka haramta duk jam'iyyar da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki. Jam'iyyar Musulmi dama ta riga ta narke cikin haɗakar 'yan adawa mai suna United Party.

Wani zai ce, to ai ga wanda ya cuce mu nan, an gane shi. A dakata tukuna. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dakta Busia, wanda ya fito daga gidan siyasar da jam'iyyar Musulmi ta mara wa baya, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban mutane suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa Najeriya da Nijar da ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a Kumasi ko Sekondi, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba, amma ba su da wata takarda da za su nuna. Har yau da wuya ka sami tsohon gida a zango da ba shi da labarin wani da ya tafi a shekarar nan bai dawo ba.

Wannan ne dalilin dattijon da muka ambata. Gidajen siyasa biyu da manyan jam'iyyun yau ke jingina da su, kowanne ya taɓa mu a lokacinsa, ɗaya a 1957, ɗaya a 1969. Mu dai abin da muka fahimta daga nan shi ne, iyayenmu sun yi daidai da suka nemi wakilci, kuskuren yana wajen ɗaura rawani da limanci da masallaci a wuyan jam'iyya ɗaya, ta yadda in ta faɗi kowa ya faɗi tare da ita. Janyewar da wasu suka yi daga baya ita ma ba ta kare kowa ba. A 1969 ba a tambayi mutum ko yana siyasa ba, takarda aka tambaya.

Tsarin mulkin 1992 ya sauya lissafi. Sashe na 42 ya ba duk ɗan ƙasa mai hankali da ya kai shekara 18 damar yin rajista da jefa ƙuri'a. Sashe na 55 ya hana gina jam'iyya kan addini ko ƙabila. A 2001 Alhaji Aliu Mahama ya zama Musulmi na farko a kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Sannan zaɓen 2008 ya nuna wa kowa darajar ƙuri'a ɗaya, domin ratar da ke tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo a zagaye na biyu ba ta wuce ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai ba, sai da aka jira mazaɓar Tain kafin a san wanda ya ci. Wurare masu cunkoso irin su Nima da Mamobi da Asawase da Ashaiman suka zama abin zawarci.

Sai dai abu biyu ake zuwa nema wurinmu: ƙuri'a, da ƙarti. Kowane ɓangare ya yi kiwon 'yan bangarsa. An san Azorka Boys a Tamale da alaƙa da NDC, an san Delta Force a Kumasi da alaƙa da NPP, waɗanda a 2017 suka kutsa cikin kotu suka kuɓutar da 'yan uwansu da ake tuhuma. Ba duka 'yan zango ne a ƙungiyoyin nan ba, ko kusa. Amma sunan mu ya fi mannewa, kuma mun san wasu daga cikin yaran, a gabanmu suka yi saukar Alƙur'ani. Bayan harbe-harben zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, aka kafa kwamitin bincike na Emile Short, majalisa kuma ta yi doka mai lamba 999 da ta haramta ƙungiyoyin banga, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 15. Duk da haka an rasa rayuka a zaɓen 2020, har da a Techiman ta Kudu wajen tattara sakamako. Ɗan takara yana gidansa, ɗan wani ake kaiwa makabarta.

Mummunan suna yana da farashi ko ba lokacin zaɓe ba. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Asawase a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Zango ya ɗauki zafi, samari suka fito kan titi. Abin da ya hana wutar cin gari shi ne dattawa da malamai da sarakuna sun tsaya tsakanin yaran da 'yan sanda, ɗan majalisar Asawase kuma ya kai maganar inda za a ji ta. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar cewa mutanen 'yan fashi ba ne. An dakatar da 'yan sanda 21, an ba kowane gida diyyar sidi dubu 250. Kuɗi ba ya mayar da rai, kuma iyalan suna da haƙƙin su ce ba a gama musu adalci ba. Amma a gwada da 1957, lokacin da aka rufe shari'a da doka ɗaya ba wanda ya iya tankawa.

A nan ya kamata a ambaci Babban Limamin Ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya hau kujerar a 1993. Kowane ɗan takara yana zuwa gidansa neman addu'a, yana yi wa kowa, bai taɓa ɗaga hannun ɗaya ya ce wannan ne namu ba. Shi ya sa da rikici ya tashi a Hohoe a 2012, da kuma a Tsohon Tafo a 2016 kan filin makabarta, duka ɓangarorin suka saurare shi. Da a ce an san shi da launin wata jam'iyya, da rabin masu sauraron sun toshe kunne.

Akwai wani zaɓe kuma da dokar ƙasa da kanta ta hana jam'iyyu shiga, shi ne kuwa muka fi sakaci da shi. Tun 1988 aka kafa majalisun gundumomi, 110 a farko, yau 261. Sashe na 248 na tsarin mulki ya ce ɗan takarar asembiliman da na kwamitin unguwa ya tsaya da sunansa kawai, ba tutar jam'iyya, ba takenta, jam'iyya kuma ba ta da ikon tsayar da shi ko yi masa kamfe. An so a yi ƙuri'ar raba gardama a Disambar 2019 don a buɗe wa jam'iyyu ƙofa, aka fasa ana saura makonni biyu da 'yan kwanaki. Mun san a ɓoye jam'iyyu suna saka hannu, ba yara ba ne mu. Duk da haka a wannan zaɓe kaɗai ne mutum zai tsaya gabanka a filin unguwa ka tambaye shi maganar kwata da fitilar titi da bayan gida na jama'a da kwandon shara, ya rasa jam'iyyar da zai ɓuya a bayanta.

Zaɓen farko na 1988 zuwa 1989 ya fitar da fiye da rabin masu rajista. A 'yan shekarun nan da kyar ake wuce kashi ɗaya cikin uku. Alhali abin da ke kashe mu a unguwa a teburin majalisar gunduma yake. Wanda ya ga kwalarar 2014 a Ankara, ko ambaliyar 3 ga Yunin 2015 da gobarar gidan mai a Circle inda mutum fiye da 150 suka rasu, ya san kwata ba ƙaramar magana ba ce, babbar kwatar Nima kuwa cikin Odaw take zuba. Haka kwamitin sintirin unguwa: wanda aka kafa da sanin 'yan sanda da asembiliman da masu unguwa, aka rubuta sunan kowane ɗan sintiri, yakan hana sata. Wanda wani mai kuɗi ya saya wa tocila da takalma shi kaɗai, ranar zaɓe za ka gane na wane ne.

Mu koma kan mai masauki. A rajistar masu zaɓe ta 2020, wanda ba shi da Ghana Card ko fasfo yana iya kawo mutum biyu masu rajista su tsaya masa cewa ɗan ƙasa ne kuma ya kai shekaru. Tsohon aikin mai masaukin zango ke nan ya dawo a kan takardar hukumar zaɓe. Malamanmu sun karantar da mu matsayin shaidar zur a cikin manyan zunubai, kuma sa hannu kan takardar nan shaida ce. Wanda ya tsaya wa yaro ɗan shekara 16, ko baƙon da ya zo daga ƙetare jiya, don wani ya ba shi na goro, ya ba masu cewa 'yan zango ba 'yan ƙasa ba ne hujja a hannu. Gobe kuma jikan wanda aka haifa a Salaga ne za a tsayar a layi ana tambayarsa daga ina ya zo saboda sunansa. Wanda kuma ya san maƙwabcinsa ɗan ƙasa ne ya ƙi tsaya masa don ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ya ɓoye shaida.

Rajistar haihuwa kyauta ce a ƙasar nan matuƙar jariri bai cika shekara ɗaya ba. Muna roƙon limamanmu da ladanai, duk gidan da aka kira ku raɗin suna, bayan an yi addu'a an raba goro, ku tambayi uban yaro ko ya je ofishin rajistar haihuwa. In bai je ba, a haɗa shi da ɗaya daga cikin ɗaliban makaranta masu karatun boko ya raka shi a cikin makon.