Asalin Land Rover da Nasiha ga Mai Neman Tsohuwa

Duk wanda ya daɗe a sana'ar gyaran mota, ya sha bakin mai da ƙurar gareji, ya san cewa mafi yawan masu zuwa da tsohuwar Land Rover suna kuka, ba rashin kuɗi ya kai su ga nadama ba, jahiltar asalin motar ne; gama wanda bai san sababin da ya sa aka ƙera ta yadda take ba, ba zai san inda take ɓoye aibinta ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila har hukuma ta riƙa raba shi da awo, tana fifita masana'antun da ke sayar da haja a ƙasashen waje, sai wasu 'yan'uwa biyu, Maurice Wilks da Spencer Wilks, shugabannin kamfanin Rover, suka yi shawarar ƙera motar manoma bisa tsarin jif ɗin sojan Amurka. Da yake alminiyam ya fi samuwa a lokacin, sai suka yi mata jiki da shi, suka keɓe ƙarfen da ke hannunsu ga shasi da bangon da ke raba injin da direba. A watan Afrilu na 1948 aka nuna ta a baje kolin motoci na Amsterdam, daga nan masana'antar Solihull ta ci gaba da fitar da ita.

Ba da jimawa ba ta iso ƙasarmu, ta zama abin hawan Di'o da ma'aikatan En'e wajen rangadi, da malaman gona da na daji, har ma da ma'aikatan allurar cutar bushiya ta shanu, waɗanda daga 1962 suka riƙa bin Fulani ruga-ruga a yankin Tafkin Cadi. A hannun direbobin waɗannan ma'aikatu iyayen gidanmu suka koyi halinta, su kuma suka koya mana. Sun fi yabon samfuri na biyu, na 1958, da gyararrensa na 1961, masu injin lita 2.25, gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, doguwa mai inci 109. Hujjarsu kuwa ita ce babu abin da zai lalace a jikinta wanda sifana da guduma da haƙuri ba za su tayar ba, ko da a tsakiyar daji ne. Samfuri na uku ya biyo baya daga 1971 zuwa 1985, har aka riƙa harhaɗa shi a masana'antar Leyland ta Ibadan. A 1983 aka fito da wata sabuwa mai sifirin na murɗe maimakon na falle, a 1990 aka raɗa mata suna Defender, sa'an nan a Janairun 2016 aka rufe ƙera wannan zuri'a. A tsakanin haka Toyota Land Cruiser ta karɓe mafi yawan aikin hukuma da na 'yan kasuwa, domin ba ta yawan neman bakanike.

To, ga inda tarihin nan yake amfanar mai saye. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta ƙarfe, saboda haka motar da ta shekara hamsin tana iya tsayawa a gabanka, an yi mata sabon fenti, zahirinta lafiya lau, alhali baɗininta ya ruɓe. Kyan ɗan maciji ke nan. Wajibi ne mai saye, kafin ya dubi kujera ko fitila, ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta da ƙaramar guduma, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har ƙarfen gicciye na baya, yana sauraron inda ƙara za ta mutu, yana lura da kunnuwan da ke riƙe da sifirin da kowane wuri da aka yi wa facin walda. Bayan haka ya ɗaga tabarmar da ke ƙarƙashin ƙafar direba, ya dubi gindin ginshiƙan ƙofa, domin nan ruwa yake kwanciya. In ya ga farin gari inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, wannan ma ci ne, ba ƙura ba.

Ya kamata kuma ya binciki inda motar ta yi rayuwarta. Wadda ta zauna a busasshiyar ƙasa irin tamu tsatsa ba ta cika cin ta ba, amma lodin da ya wuce kima da gargadar hanya sukan tsaga mata shasi, zafi kuma ya gajiyar da lagireto; wadda ta fito daga bakin teku, ko daga Turai inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa ce babbar illarta. Ya nemi a tayar da injin a gabansa yana sanyi, ya dubi launin hayaƙi, ya danna maɓalli mai ruwan ɗorawa ya ja jan liba, ya tabbata tayoyi huɗu suna ja, domin shaf na baya a tsofaffin samfura yana saurin karyewa, wasu kuma sukan ɓoye haka. Ɗan tsattsafin mai kada ya tsorata shi, ɗabi'arta ce. Injin da giya ana samun kayansu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Shasi kuwa in ya ruɓe, sai an sauke motar baki ɗaya a sake gina ta, kuɗin hakan kuma yakan zarce abin da aka saye ta. Daga ƙarshe ya gwada lambar shasi da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi.

Mu kuma da muke gyara muna dillanci, akwai haƙƙi a wuyanmu. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa ɓoye aibi a ciniki haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da haja in ya gano aibin da aka rufe masa. Wanda ya shafe tsagar shasi da baƙin fenti ya ci amanar mutumin da zai ɗauki iyalinsa a cikinta zuwa inda babu gareji. Saboda haka nasihata ga mai saye ita ce ya tafi da bakaniken da ba shi da la'ada a cinikin, ya biya shi ladan dubawa, kuma in bakaniken ya ce a bar ta, ya bar ta, ko da farashin ya yi masa daɗi.